Cire tsohon fenti daga jikin mota a gida

Cire tsohon fenti shi ne matakin farko na sabunta jikin mota. Ana ɗauke fentin da ya mutu, da mastik ɗin da aka lafta don cike lotsewa a gyare-gyaren baya, da tsatsar da ta ɓuya a ƙarƙashinsu, har a isa wurin da sabon fenti zai kama da kyau. A Yamai da Tawa aikin tolye ne, wato mai gyaran ƙarfen jikin mota, da mai fenti, amma wasu masu mota, musamman masu taksi da masu tsofaffin Hilux da Land Cruiser, sukan yi wannan ɓangaren da kansu a ƙofar gida, domin shi ya fi cin lokaci, kuma a kansa kuɗin aiki ya fi tafiya. Hanyoyin huɗu ne: gugewa da samfefa ko faifan inji, narkarwa da magani, gasawa da zafi, da feshin yashi. Biyun farko su suka dace da gida. Ingancin aikin ana gane shi daga halin da aka bar ƙarfen: bai sirance ba, bai lanƙwashe ba, kuma an rufe shi kafin tsatsa ta riga fenti zama a kansa.

Abin da ke kan ƙarfen

Fatar motar zamani siririya ce. A ƙofofi, rufi da murfin inji kaurin ƙarfen yana tsakanin milimita 0.6 da 0.8. Tun daga shekarun 1980 kamfanoni da yawa suke lulluɓe shi da zinki mai kaurin maikiron 7 zuwa 10, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A masana'anta ana wanke gangar jikin, a ratsa ta cikin ruwan fosfet, sannan a tsoma ta ɗungurungum cikin tafkin fenti da aka sa wa lantarki. Fentin yana mannewa ko'ina, har cikin lungunan da hannu ba ya kaiwa, daga nan a gasa shi a zafin digiri 170 zuwa 180. Wannan shimfiɗa ta farko, mai launin toka ko baƙi-baƙi, kaurinta kimanin maikiron 20 ne, kuma ta zama ruwan dare tun ƙarshen shekarun 1970. A kanta ake fesa fentin shimfiɗa mai cike ƙananan ramuka, sai launi, sai rufin ƙyalli marar launi wanda ke tare rana. Duka-duka kaurinsu maikiron 100 zuwa 150 ne, wato kamar fallen takarda ɗaya ko ɗaya da rabi.

Shimfiɗar masana'anta da zinkin da ke ƙarƙashinta su ne garkuwar motar. Babu abin da za a fesa a tsakar gida da zai kamo ƙafarsu, saboda haka duk inda suke da lafiya, barinsu ya fi.

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 404 da 504 na farko fentinsu ba shi da rufin ƙyalli daban, launin da ƙyallin a haɗe suke. Akwai kuma fentin selulos, wanda kamfanin DuPont ya shigar cikin sana'ar mota a 1924, mai bushewa da sauri da arha, har yau ana cin karo da shi a motocin da aka sake wa fenti. Shi dilwan, ruwan tsinka fenti, na narkar da shi ko bayan shekaru, saɓanin fentin da ake haɗawa da maganin ƙarfafawa, wanda in ya bushe ya bushe ke nan.

A yankin Sahel rana ce ke kashe fenti. Takan fara da rufi da murfin inji, rufin ƙyallin ya yi fari-fari, ya dushe, sannan ya soma saɓa. Share ƙurar hunturu da busasshen tsumma kowace safiya yana ƙara masa tsufa, domin ƙurar yashi ce mai kaifi. Motocin da aka shigo da su daga Turai ta tashar Kwatano ko ta Lome kuwa sukan zo da wata cutar daban: tsatsar gishirin da ake zubawa kan hanyoyi lokacin sanyi, wadda ke zama a gindin ƙofofi, bakin madigadi da ƙasan mota.

Gane yawan abin da za a cire

Kafin a taɓa inji sai a wanke motar tas da ruwa da sabulu, a dube ta a inuwa, sashe bayan sashe. Fentin da ya koɗe kawai, bai tsage ba, bai ɗago ba, ba ya buƙatar a kai shi ƙarfe. Ana karce shi da samfefa mai laushi, lamba P320 ko P400, a ɗora sabo a kai. Inda rufin ƙyalli ke saɓa, ana goge shi da launin da ke ƙarƙashinsa har a isa shimfiɗar toka, a tsaya nan. Ƙarfe tsirara ana kai masa ne a inda fenti ya daddare kamar busasshen tabki, ko ya yi ƙuraje, ko tsatsa ta ɓullo, ko mastik ya tsage, ko kuma an yi ta jibga fenti kan fenti. Taksin Yamai mai jan kai, wanda aka sake wa rufi sau biyu ko uku, yawanci yana cikin wannan rukuni.

Akwai gwaje-gwaje masu sauƙi. A jiƙa farin tsumma da dilwan a danna shi a wani ɓoyayyen wuri na rabin minti: in launi ya biyo tsumman, ko wurin ya yi danƙo, fentin mai narkewa ne, kuma sabon fenti mai ƙarfi zai iya tayar da shi ya yamutse. A goga samfefa kaɗan: farar ƙura na nuna akwai rufin ƙyalli, ƙura mai launin motar na nuna babu. A tsaga layuka da reza a gicciye, tazarar milimita 2, a manna salatif da ƙarfi a fizge: in gutsattsari suka biyo shi, fentin bai riƙe ba. A naɗe ƙaramin maganaɗisu cikin ƙyalle a bi jikin da shi: inda riƙonsa ya yi sanyi, mastik ne kwance a wurin. Mai na'urar auna kauri aikinsa ya fi sauƙi, domin abin da ya haura maikiron 300 an sake shi, kuma ƙara masa wani yana jawo tsagewa. In aka goge wuri ɗaya mai faɗin tafin hannu a hankali har ƙarfe, launukan za su fito zobe-zobe, a ƙirga sau nawa aka yi wa motar fenti.

Shiri

A cire kan batir na ƙasa, wato mai alamar ragewa. A kwance bamba, fitilu, madubai, hannayen ƙofa, tambari, lambar mota da robobin da ke fita ba tare da yagewa ba, a zuba kusoshin kowane abu a ledarsa a rubuta suna. Gilashi a rufe shi da kwali da salatif ninki biyu, saboda tartsatsin inji yana narkewa ya maƙale a jikinsa, samfefa kuma in ta taɓa shi sau ɗaya tabon ba ya fita. A toshe ramukan iska da ke gindin gilashin gaba. A rufe bakin tanki. Lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfe kada inji ya kusance ta, sai dai a tsabtace ta da hannu, domin in ta shafe ko ta yi alamar taɓawa, magana ce ta hukuma ranar sayarwa ko ranar bincike a kan hanya.

Wurin aiki ya zama inuwa mai iska, rumfa ko gindin bango, da tamfol shimfiɗe a ƙasa. A cikin rana ta watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, ƙarfen mota mai duhun launi yakan wuce digiri 70. A wannan zafi fenti yana laushi ya toshe samfefa, magani kuma ya bushe kafin ya yi aiki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi: iska a bushe take, tsatsa ba ta sauri, sai dai a yi fama da ƙura. Da damina ƙarfe tsirara yakan yi ja-ja cikin ƴan sa'o'i.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce sashe ɗaya a rana ɗaya. Ƙofa guda, ko madigadi guda, ko rabin rufi: a cire, a tsabtace, a rufe da fentin shimfiɗa kafin magariba. Wanda ya tuɓe mota gaba ɗaya a mako guda da niyyar fesawa daga baya, zai sake goge ta karo na biyu.

Gugewa da inji

Injin da ya fi aminci shi ne injin guga mai faifan milimita 150 wanda ke juyawa yana karkarwa a lokaci guda. Motsinsa ba ya tara zafi wuri ɗaya. Lambar samfefa tana bayanta, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. P80 ita ce ta cire fenti. P36 da P40 sun fi sauri, amma suna barin zane mai zurfi wanda ke sake bayyana ƙarƙashin sabon fenti bayan ya zauna, saboda haka sai kan mastik mai kauri ake amfani da su, kuma a dakata kafin a kai ƙarfe. Bayan P80 a bi da P120, sannan P180, kowace tana share zanen wadda ta gabace ta. Tsallake daga P80 zuwa P240 ba ya share komai, goge kan zanen kawai yake yi.

Faifan ya kwanta a jikin ƙarfe sosai, kada a karkata shi a yi aiki da bakinsa. Nauyin injin ya isa, dannawa ba ta ƙara sauri, zafi take ƙarawa. A riƙa tafiya a hankali, layi na bin rabin layin da ya wuce, a ɗauki fili mai faɗin kamu biyu a gama shi kafin a matsa. Kowane minti ɗaya ko biyu a ɗora bayan hannu a wurin: in hannu ba zai iya zama ba, a koma wani gefen. Samfefar da ta toshe ko ta dakushe a canza ta nan take, domin ita ce ke gasa ƙarfe. Ƙofa mai fentin masana'anta takan ci faifai uku zuwa biyar na P80 da awa ɗaya ko biyu, mai fenti ninki uku kuwa ta ninka haka. Kwali guda mai faifai 50 ba ya yin yawa ga ƙaramar mota.

Mafi yawan gidaje injin yankan ƙarfe na masu walda ake samu, mai faifan milimita 115 ko 125, wanda ke juyawa kusan sau 11,000 a minti. Da shi aka fi ɓata motoci. Faifan dutse da faifan samfefa mai fallaye an yi su ne don cin ƙarfe, kuma a fatar da ba ta kai milimita ɗaya ba, daƙiƙa kaɗan sun isa su rage kaurinta ko su huda ta. Faifan da ya dace da wannan inji shi ne mai kama da soso mai tauri, galibi baƙi, na zaren roba da aka cusa wa ƙwayoyin gugi. Yana kwashe fenti, mastik da tsatsar sama, ya bar ƙarfen kusan yadda yake. A duba yawan juyawar da aka rubuta a jikinsa kafin a ɗaura, domin akwai irinsa na injin huda wanda ba ya jure gudun injin yanka, yakan tarwatse. A riƙe shi a ɗan karkace, a bi da shi yadda juyawarsa za ta fita daga bakin ƙarfe, in ba haka ba bakin zai cafke faifan ya fizge injin daga hannu. Kada a cire murfin kariyar injin.

Alamar zafi ya yi yawa ita ce ƙarfe ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi. Wurin da ya yi zafi yana buɗewa, sanyin da ke kewaye da shi ya hana shi wurin zuwa, sai ya kumbura. In ya huce ba ya komawa daidai, ya zama wurin da in an danna ya faɗa ciki, in an saki ya dawo da ƙara. Rufi da tsakiyar murfin inji sun fi saurin yin haka saboda faɗinsu. Gyaransa aikin ƙwararren tolye ne, kuma sau da yawa da mastik ake ƙarasa shi.

Layukan ado na jikin mota da bakunan ƙofofi, inda fenti ya fi siranta kuma inji ya fi ci, a manna musu salatif a bar su, daga baya a yi su da hannu da samfefa naɗe a katako ko roba. Buroshin waya yana da amfani a lunguna da wurin walda, amma a kan tsatsa mai zurfi goge samanta yake yi ta yi ƙyalli, mutum ya ɗauka ta fita alhali tana nan cikin ramuka.

Maganin cire fenti

Maganin cire fenti ruwa ne mai kauri da ke ratsa fenti ya kumbura shi ya raba shi da abin da ke ƙasa. Amfaninsa babba ne a rufi da murfin inji, saboda ba ya kawo zafi kuma ba ya cin ƙarfe ko kaɗan. Mafi ƙarfin irinsa shi ne mai sinadarin dikloromitan. Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana sayar da shi ga jama'a a 2009, Amurka ta bi sahu a 2019, bayan mutane sun mutu suna aiki da shi a rufaffun wurare. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa, jiki kuma yana mayar da shi iskar kabon monoksaid mai hana jini ɗaukar iskar numfashi. In ya haɗu da harshen wuta ko garwashi yana haifar da fosjin, iska mai guba ƙwarai. Yana tafasa a digiri 40, wato zafin la'asar ɗin bazara a Yamai ko Tawa ya isa ya tafasa shi cikin gwangwani, shi ya sa ake buɗe murfin a hankali, fuska a kawar gefe. Safar hannu ta roba siririya ba ta tare shi, takunkumin ƙura ma haka. Duk gwangwanin da za a saya, a kasuwar Katako ta Yamai ko a wani shagon kayan fenti, a karanta abin da ke cikinsa, wanda aka ɗura a gorar ruwa ba rubutu kuwa a bar shi. Irin da aka yi da sinadarin benzil alkol haɗarinsa bai kai na dikloromitan ba, sai dai yana son sa'o'i maimakon mintoci, kuma fentin masana'anta yakan yi masa taurin kai.

Ga yadda ake aiki da shi. A manna salatif ninki biyu a kan duk wata tsaga tsakanin sassa, da ninkin bakin ƙofa, da ramukan kusoshi, a bar santimita 2 zuwa 3 daga kowane baki ba magani. Dalili shi ne maganin da ya shige cikin ninkin ƙarfe ba ya wankuwa, yakan zauna watanni, rana ta gasa shi ya tsattsafo ya tayar da sabon fenti daga gefe. A karce fuskar fentin da P80 don maganin ya samu ƙofar shiga. A zuba shi a gwangwanin ƙarfe, a shafa da buroshi mai arha, da kauri, hannu na tafiya gefe ɗaya kawai. Komawa a kai da buroshi yana fasa fatar da maganin ke yi a samansa don hana kansa bushewa. A rufe da leda a danne ta. Irin mai ƙarfi yakan yi aiki cikin minti 15 zuwa 30, za a ga fentin ya tattare ya ɗago, wani lokaci har ana jin ƙarar tashinsa ƙasa-ƙasa. Sai a ɗage ledar kaɗan-kaɗan ana turawa da wuƙar mastik mai faɗi wadda aka dakusar da kusurwoyinta, dattin na faɗawa cikin kwali. Abin da ya ƙi tashi a sake shafa masa, kada a yi kokawa da shi da bakin wuƙa.

Lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 2 zuwa 3, jikin ƙaramar mota kuwa kimanin murabba'in mita 10 zuwa 12 ne, saboda haka shafa ɗaya na cin lita 4 zuwa 5, mota mai fenti ninki-ninki kuma ta nemi shafa biyu ko uku. Bayan an kankare a wanke wurin da abin da aka rubuta a gwangwanin, ruwa ko dilwan, a tsane shi nan da nan, sannan a bi da P120 da P180. Duk mastik ɗin da magani ya taɓa ya sha shi, dole a cire shi kaf.

Soda mai ƙuna ta masu yin sabulu tana tayar da wasu tsofaffin fenti, amma tana cin zinki da alminiyom, tana ƙona fata, ɗigonta a ido na iya makantarwa. Ba ta da wuri a jikin mota.

Zafi da feshin yashi

Bindigar iska mai zafi, wadda ke kaiwa digiri 300 zuwa 600, tana da amfani wajen ɓamɓare mastik mai kauri da baƙin ƙaron da ake shafawa ƙarƙashin mota. A kan faffaɗan sashe lanƙwasa ƙarfe take yi. Ƙona fenti da wutar walda ko ta gas ya fi muni: yana kashe zinki, yana ƙona shimfiɗar kariya ta bayan ƙarfen inda ba mai sake fesawa, yana iya kama wayoyi da soson cikin ƙofa, hayaƙinsa kuma guba ne.

Feshin yashi da kwamfiresa yana shiga ramukan tsatsa fiye da kowace hanya, shi ya sa ya dace da shasi, ƙafafun mota na ƙarfe da bayan akori-kura. A fatar ƙofa ko rufi kuwa dukan ƙwayoyin yana buɗa saman ƙarfen ya lanƙwasa shi. Yashin kogi da na tudu, wanda yake ko'ina kyauta, shi ne mafi haɗari, domin in ya farfashe yana zama ƙurar silika mai zama cikin huhu ta daskarar da shi, cutar da ba ta da magani. Ƙananan kwamfiresa na gida ma ba sa ba da iskar da aikin ke so. Wannan a kai wa masu kayan aikinsa.

Alminiyom da roba

Sashen da maganaɗisu ya ƙi kamawa ko'ina, ba mastik ba ne, alminiyom ne ko roba. Wasu motocin Turai murfin injinsu na alminiyom ne, tsofaffin Land Rover kuwa kusan duk fatarsu. Alminiyom ya fi ƙarfe laushi, ana fara shi da P120 ko P180, da sabuwar samfefar da ba ta taɓa ƙarfe ba, domin burbushin ƙarfe in ya nutse a cikinsa yana haddasa ruɓewa ƙarƙashin fenti. Buroshin wayar ƙarfe ma haka.

Bamba ta roba, wadda galibi ake samun alamar PP a bayanta, magani yana laushe ta, inji mai gudu yana narkar da ita ta yi gashi-gashi. Da hannu ake yin ta, da P320 zuwa P400 da ruwa, a cire abin da ke saɓa kawai. Inda robar ta fito fili sai an fesa mata maganin kama fenti na roba kafin komai.

Ƙura, dalma da mutanen gida

Tsofaffin fenti masu launin rawaya, ruwan lemo da ja sau da yawa suna ɗauke da dalma da kromiyom. Dokar Tarayyar Turai ta 2000 ta hana yawancin amfani da su a sababbin motoci daga Yulin 2003, amma motocin da suka girmi wannan lokaci, da waɗanda aka sake wa fenti da abin da ba a san asalinsa ba, ba su da tabbas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ne suka fi shan wahalarta, saboda suna wasa a ƙasa suna kai hannu baki, ita kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu sakamakon ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje, ya isa ya nuna abin da ƙurar sana'a ke yi in ta shiga tsakar gida. Ƙurar fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce.

Saboda haka kada a yi aikin kusa da madafa, randa, shanyar hatsi ko turken dabbobi, kuma yara da masu juna biyu su nisanci wurin. Mai aiki ya sa takunkumi mai lamba FFP2 ko FFP3 wanda ya zauna a fuska daram. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare ƙura mai laushi. Ya sa gilashin kariya mai rufe gefe, da abin toshe kunne in yana aiki da injin yanka. In an tashi, a yayyafa wa ƙurar ruwa kafin a tattara ta, kada a share ta a bushe da tsintsiya. Kayan aiki a tuɓe su a waje, a wanke su daban, a wanke hannu da fuska kafin cin abinci ko shan shayi. Dattin magani da ƙurar fenti a bar su su bushe cikin gwangwani mai murfi. Kada a ƙona su, kada a zuba su a kwata: a Yamai ruwan magudanu ta Gunti Yena da makamantanta kogi yake gangarawa, ya ratsa lambunan da ake noman ganye.

Rufe ƙarfe

Ƙarfen da aka tuɓe yana fara tsatsa tun a ranar, ko ido bai gani ba, kuma gumin tafin hannu kaɗai ya isa ya bar shaidar yatsu washegari. Daga nan sai da safar hannu mai tsabta ake taɓa shi. Inda tsatsa ta bar ramuka baƙaƙe, a shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, a bar shi minti 10 zuwa 15 ba tare da ya bushe ba, a wanke, a tsane. In ya bushe a kai yana barin farin gari wanda ke hana fenti kamawa, kuma wasu kamfanonin fentin efoksi sun hana a sa nasu a kan ƙarfen da asid ya taɓa, don haka a karanta takardar fentin tun kafin a sayi maganin. Wurin da tsatsa ta huda, yankewa da walda ne maganinsa. Mastik a kan rami ba ya daɗewa, domin danshi na shigowa ta baya.

A goge sashen da maganin cire maiƙo, da tsumma biyu: ɗaya jiƙaƙƙe yana narkar da datti, ɗaya busasshe yana kwashewa kafin ya bushe. Man fetur da kananzir suna barin maiƙo, kada a yi amfani da su. Man goge gaban mota da na ƙyalla taya, masu silikon, a nisanta su da wurin gaba ɗaya, domin ɗigo kaɗan a iska yana sa sabon fenti ya yi ƙananan ramuka zagayayyu.

Abin da ya fi dacewa da ƙarfe tsirara shi ne fentin shimfiɗa na efoksi mai haɗi biyu. Ana auna shi da maganinsa daidai yadda aka rubuta, wani ɗaya da ɗaya, wani biyu da ɗaya, wani huɗu da ɗaya, da kofin awo ba da ido ba. A fesa sau biyu, da tazarar minti 10 zuwa 15. Shi ba ya shan ruwa, don haka sashen zai iya jiran sauran motar. Fentin shimfiɗa na toka mai arha, na gwangwanin fesawa ko mai haɗi ɗaya, yana tsotsar danshi, motar da ta yi damina da shi za ta yi tsatsa ƙarƙashinsa ko da samansa ya yi kyau. Mastik yana hawa kan ƙarfe mai zanen P80 ko kan efoksin da ya bushe aka karce, da maganin ƙarfafawa kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, kaurinsa kada ya wuce milimita 3. Ba ya hawa kan fentin shimfiɗa mai asid, ɓarewa yake yi. A zafin bazara yakan daskare cikin minti biyu ko uku, saboda haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓa shi.

Kowane efoksi yana da wa'adin da za a iya ɗora wani fenti a kansa kai tsaye, yawanci ƴan kwanaki, kuma zafi yana gajarta shi. Tunda aikin sashe-sashe yakan ɗauki makonni, sassan farko za su wuce wa'adin kafin a gama na ƙarshe. Waɗannan sai an wanke su, an karce su da P320 har ƙyallinsu ya mutu ko'ina, an sake goge su da maganin cire maiƙo, sannan mai fenti ya ɗora shimfiɗar cikewa da launi.